Kuɗina ne ko ba kuɗina ba? Maganar hana talaka shiga foreks da kirifto

Baban Hanifa (Jega)

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku warware min wata magana da ta tsaya min a rai tun watan jiya, na rasa wanda zan yi ta da shi a gida don kowa ranshi a ɓace yake.

Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomin albasa can wajen Aliero. Bara Allah ya yi mai buɗi, bai sayar ba sanda kowa ke zubarwa da araha, ya aje a rudu sai da ta yi tsada sannan ya fitar, ya tashi da sama da miliyan ɗaya bayan ya sallami 'yan aiki ya biya bashin taki. Sai wani abokinshi da sunka yi sakandare tare ya saka shi wani gurup na Telegram da ake ba da sigina ta foreks, wato cinikin hawa da saukar farashin kuɗaɗen waje da zinare ta waya, a ce maka sayi zinare yanzu, saida yanzu. Ya fara da dubu ɗari, cikin sati ɗaya ya ci dubu talatin da wani abu, ya cire ya ga alat da idonshi. To kun san zuciya. Ya kwashe sauran ya zuba har da wanda anka ware na iri da na man injin ban ruwa. Daren wata Laraba ya kwanta da kuɗɗinshi, da asuba ya duba waya ba ko sisi.

Abin da nike son ku gane, ba gudu anka yi da kuɗɗin ba. Manhajar na nan tana aiki har yau, in ya zuba wani yanzu za ta karɓa. Sun ce mai kasuwa ce ta juya, shi ya danna da hannunshi, kuma akwai wani dogon rubutu na turanci da ya latsa cewa ya amince. Yaron da ko wasiƙar asibiti ni yake kawo ma in karanta mai.

To inda na ruɗe shi ne nan. Ni kaina farkon 2023 na ɗauki kuɗɗin da nike tarawa na gini na sayi USDT, wani kuɗin intanet (kirifto) da darajarshi ke bin ta dala, lokacin dala na wajen 750 a kasuwa, kuma lokacin Babban Banki ya hana bankuna taɓa harkar kirifto. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, a farkon 2024 dala ta wuce 1,500. Da na bar kuɗɗin nan a banki da yanzu ko rufi ban yi ba. Ke nan abin da gwamnati ba ta so shi ya cece ni, abin da ta kawar da kai gare shi kuma shi ya kada ƙanena.

Tambayata ita ce, ya kamata hukuma ta hana irinmu shiga waɗanga abubuwa da ba mu gane kansu ba, ko kuwa kuɗɗin mutum nashi ne ya yi yadda ya ga dama da su? Don rannan da na ga yaron ga zaune ƙofar gida ya dafe kai wallahi cewa na yi da an rufe su duka, amma in na tuna ginina sai in yi shiru.

Matashin Tudun Wada (Gusau)

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya mayar mai da alheri, na san zafin abin don ni ma na taɓa ƙona akawun har sau biyu kafin in koya, kuma ba wasa ba ne.

Amma maganar a hana ni ban yarda da ita ba ko kaɗan. Wa zai hana? Gwamnatin da a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 a hannunta, ka aje dubu ɗari a banki shekara ta zagayo ba ta sayen abin da dubu saba'in da biyar ke saye a da? Ita ce za ta ce min ta fi ni sanin inda kuɗina zai tsira? Mun ga canjin kuɗi farkon 2023, mutum da kuɗinshi na halal a banki yana kwana a layin ATM, masu POS na sayar mana da nairarmu. Mu nan Zamfara a watan Satumban 2021 an kashe mana netwok gaba ɗaya, wanda duk sana'arshi ke waya sai da ya riƙa tafiya wata jiha kafin ya tura saƙo. Duk lokacin da aka ce za a kare mu, mu ke fara shan wuya.

Kuma hanin ma ba ya aiki. Ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Banki ya ce a rufe akawun ɗin masu harkar kirifto, me ya faru? Kowa ya koma P2P, ka tura ma wanda ba ka sani ba kuɗi shi kuma ya sakar maka koyin, aka ƙara ma 'yan damfara ƙofa, masu gaskiya kuma aka riƙa daskarar musu da akawun. Ƙarshenta a Disamban 2023 su da kansu suka janye. Shekara kusan uku an wahalar da mutane a banza.

Sannan ku duba yadda ake yi a ƙasashen da ake yabo. A Amurka akwai irin jarin da ba a bari ka shiga sai in dukiyarka ta kai dala miliyan ɗaya ban da gidan da kake ciki, ko kana samun dala dubu 200 a shekara. Ma'ana mai kuɗi shi ake buɗe ma ƙofar da ake cin babbar riba, talaka a ce mai tsaya waje don amfaninka. Ni wannan ba kariya ba ce a wurina. Na gama digiri shekara huɗu ba aiki, gonar babanmu ba ta zuwuwa saboda 'yan bindiga, wayar nan ita ce gonata. Kamfanonin cacar ƙwallo da lasisinsu suna talla dare da rana ba wanda ya ce uffan, sai wanda ya zauna yana karatun chat na hawa da saukar farashi wata shida shi za a hana?

Ƙanenka Yaya kuskure ya yi, ya sa duka ƙwai a wuri ɗaya kuma bai sa stop loss ba, wato iyakar da ke rufe ciniki in asara ta kai wani mataki. Koyo yake buƙata ba doka ba.

Maman Khadija (Argungu)

Salamu alaikum. Baban Hanifa Allah ya ba ku haƙuri, ya musanya mashi da mafi alheri.

Ɗana na Gusau na karanta maganarka har ƙarshe kuma akwai gaskiya a ciki, amma kai kana magana ne a matsayin wanda ya yi digiri yana jin turanci yana da wata shida na zama ya koya. Ni malamar firamare ce shekara ashirin da biyu, kuma ni ke riƙe ma matan makarantarmu da na unguwa adashe, bari in faɗa maka su wa ake kwashe ma kuɗi.

Shekara biyu da suka wuce wata ta shigo mana ɗakin malamai da hijabinta har ƙasa, ta fara da sallama da salati, ta fito da takarda mai hatimi ta ce kamfaninsu na da rajista da gwamnati, wai na'ura ce mai ƙwaƙwalwa ke yi musu tiredin ba ta faɗuwa, ka sa dubu hamsin a ba ka riba duk sati. Mata bakwai suka shiga. Ɗaya kwasar adashenta ce da ta jira wata goma, ɗaya 'yan kunnenta na zinare ta saida, ɗaya kuɗin kayan ɗakin ɗiyarta ne da biki saura wata uku. Wata biyu ana biya, na uku aka ce ana gyaran sistem, shi ke nan. Ita wadda ta kawo abin ma ashe kamasho ake ba ta kan kowane kai, kuma ita ma ta zuba nata ya tafi. Mai kayan ɗakin nan sai da aurenta ya yi rawa don maigidanta bai san ta taɓa kuɗin ba. Har yau ba ta dawo daidai ba.

Yanzu ka ce min waɗannan 'yancinsu suka yi amfani da shi? Wane 'yanci ke ga wanda bai san abin da ya sa ma hannu ba? In na saida maka buhun shinkafa rabin shi tsakuwa ce ka biya da yardarka, ai ba za a ce ciniki ya yi ba.

Kuma ba yau aka fara ba. MMM ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016, hukumar NDIC mai inshorar ajiyar banki ta ce 'yan Najeriya wajen miliyan uku sun yi asarar naira biliyan 18. Muka ce an ɗauki darasi. Sai ga CBEX a watan Afrilun 2025, muka ga bidiyon mutane sun fasa ofishinsu a Ibadan suna kwasar kaya don baƙin ciki. Sama da shekara takwas tsakani, salon ɗaya ne sai dai an canza ma abin riga. In da wayar da kai kaɗai na isa da tuni ta isa. Ni ra'ayina a sa doka mai tsanani, kuma a fara kama masu tallar tun kafin abin ya fashe, ba sai an gama kwashewa a fito rediyo a ce daman mun yi gargaɗi ba.

Tsohon Ma'aikacin Banki (Birnin Kebbi)

Assalamu alaikum. Na yi shekara ashirin da wani abu a banki kafin in aje, kuma ina ganin abin da ya sa kuka kasa haɗuwa shi ne abubuwa daban-daban kuke kira da suna ɗaya.

Abin da ya sami matan da Hajiya ta faɗa sata ce kawai, kuɗin na baya ake biyan na gaba da shi, babu wani tiredin da ake yi. Wannan ba ya cikin gardamar 'yanci, ba wanda ke da 'yancin yin sata. Sabuwar dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa ma hannu a watan Maris na 2025 ta ambace shi ƙarara, mai gudanar da irin wannan tsari na fuskantar ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko duka biyun. Kuma Hajiya ki gaya ma matan nan, takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shaidar cewa an yi ma suna rajista ce kurum, mai shagon ɗinki ma na iya samunta. Wanda zai karɓi kuɗin jama'a ya juya, lasisin hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ake tambayarshi, in ajiya ce kuma na Babban Banki.

Abin da Baban Hanifa ya yi kuma sayen kaya ne ya aje. Ya ba da naira ya karɓi abu, in ya tashi ya ci in ya faɗi ya rage, kamar mai aje albasa a rudu. Akwai haɗari, don ba wata NDIC da ke tsaya ma USDT yadda take tsaya ma ajiyar banki har naira miliyan 5, amma haɗari ne da mutum zai iya ganewa in an yi mashi bayani na minti biyar. Wannan ni ban ga dalilin hana shi ba, kuma na yarda da ɗana na Gusau cewa hanin 2021 bai haifar da ɗa mai ido ba. Ita dokar 2025 ɗin ma ta shigar da kadarorin dijital ƙarƙashin SEC, tun a Agustan 2024 hukumar ta ba kamfanonin kirifto Busha da Quidax amincewar farko.

Na ƙanenka shi ne mai wuyar, kuma a nan zan daɗe. Shi bai sayi zinare ba. Ko ƙwaya ɗaya bai mallaka ba. Yarjejeniya ya shiga da dillali a kan ina farashi zai nufa, kuma da abin da suke kira lebarej. Bari in kawo shi kasuwar da ya sani. A ce kana da kuɗin buhu ɗaya na albasa, dillali ya ce kawo shi kafin alƙalami, ni zan rubuta maka buhu 500 da sunanka, in farashi ya hau ribar buhu 500 taka ce, in ya sauka asarar buhu 500 a cikin kuɗin buhunka ɗaya za a cire, da zarar ya ƙare na rufe littafi ba sai na tambaye ka ba. Yanzu lissafa. Dala 100 a lebarej 1:500 tana riƙe da dala 50,000. Farashi ya motsa da kashi 0.2 cikin ɗari kawai ta inda ba ka so, dala 100 ɗinka ta tafi. Zinare kuwa yana yin wannan motsin cikin mintuna, musamman lokacin da Babban Bankin Amurka ke sanar da kuɗin ruwa, wanda a agogonmu da dare ne kuma yawanci ranar Laraba. Da ka ce daren Laraba sai da gabana ya faɗi. Ko da hasashen yaron daidai ne, a ce washegari farashin ya koma inda ya ce, ba ruwanshi, an riga an rufe shi tun cikin dare.

Sannan akwai abin da ba a faɗa ma yaran nan. Da yawa daga cikin dillalan nan ba sa kai cinikinka wata kasuwa, su ne a ɗaya ɓangaren, asararka ita ce ribarsu. Mai gurup ɗin sigina kuma sau da yawa dillalin ke biyanshi bisa yawan mutanen da ya kawo da yawan dannawar da suka yi, ko sun ci ko sun faɗi shi ya samu. Ɗana ka ce koyo ake buƙata. A 2018 hukumar da ke kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta duba alƙaluman dillalan da kansu, ta tarar kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na akawun ɗin ƙananan masu tiredin asara suke yi. Waɗannan mutane ne masu karatu, masu wuta da intanet da ba ya yankewa. Abin da suka yi bayan nan shi ne ya burge ni, ba su rufe kasuwar ba. Sun ƙayyade lebarej kada ya wuce 1:30 a manyan kuɗaɗe, 1:20 a zinare, 1:2 a kirifto, sun hana a bi mutum bashin da ya wuce abin da ya zuba, sun tilasta ma kowane dillali ya rubuta a tallarshi kashi nawa na mutanenshi ke faɗuwa, sun kuma hana binary options, wato cankar ko farashi zai hau ko zai sauka a ci ko a rasa duka, gaba ɗaya ga ƙananan mutane. Ingila ta ƙara gaba a Janairun 2021 ta hana sayar musu da irin wannan yarjejeniya a kan farashin kirifto, amma ba ta hana mutum sayen bitkoyin ɗinshi ya aje ba.

Kuma kada a ɗauka talaka kaɗai lebarej ke kayarwa. Ina banki a 2007 da 2008 lokacin da ake ba mutane bashi su sayi hannun jari, har da hannun jarin bankin da ya ba su bashin. Manyan 'yan boko da manyan 'yan kasuwa suka shiga. Kasuwa ta rushe a 2008, bashin ya zama na banza, a Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, aka zuba kuɗin jama'a don ceto su, a 2010 aka kafa AMCON ta kwashe rubabben bashin. Wanda bai taɓa sayen hannun jari ko ɗaya ba shi ma ya biya. To ka ga maganar kuɗina ne ba kullum take tsayawa kan mai kuɗin ba. Ko a gidan Baban Hanifa, wa zai ciyar da iyalin yaron nan bana?

Ni matsayata a bar mutum ya sayi abin da zai riƙe, a ɗaure hannun dillali a kan lebarej, a haramta biyan kamasho kan kawo mutane, a tilasta gargaɗi da Hausa da murya ba da rubutun turanci ba. Matsalar da na sani ita ce yawancin manhajojin nan rajistarsu na wasu tsibirai ne can ƙetare, SEC na Abuja, mutumin Kamba ko Dakingari bai taɓa ganin fuskarsu ba. Amma kuɗin ta bankunanmu da kamfanonin tura kuɗi na nan gida suke bi, masu tallar kuma a cikinmu suke, a nan ne hukuma ke da abin kamawa.

Matashin Tudun Wada (Gusau)

Baba na gode, wallahi ko a gurup ɗinmu ba a taɓa yi mana bayanin lebarej haka ba, kuma gaskiya ne akawun biyun da na ƙona duka a 1:500 ne. Maganar kamasho ma haka take, an sha yi min tayin in kawo mutane.

Inda nike tsoro Baba shi ne a Najeriya in aka ce ƙayyadewa ƙarshenta hanawa ce. Dubi 2024, naira na faɗuwa aka ɗora laifin kan Binance, kamfanin cinikin kirifto, aka tsare ma'aikatansu biyu a Fabrairu, a Maris kamfanin ya daina harkar naira, mu ƙanana muka rasa inda muka saba. Kuma 1:30 ga mai dala 50 kamar an ce mai tashi ne, ribar ba za ta sayi data ba. Na san za ka ce to daman mai dala 50 bai kamata ya sa ran ci da iyali daga nan ba. Ban da amsar wannan, amma a nuna mana wata ƙofar kafin a rufe wannan.

Almajirin Malam (Talata Mafara)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya saka ma Alhaji da alheri, ya sauƙaƙa min aiki.

Wanga gardama da kuke yi malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin ta, kuma addini bai ɗauki ɓangare ɗaya ya yar da ɗaya ba. A cikin Suratun Nisa'i aya ta 29 Allah ya hana cin dukiyar juna da ɓarna sai dai ta hanyar kasuwanci bisa yardar juna, ke nan asali mutum na da iko da dukiyarshi. Har lokacin da farashi ya hau a Madina anka roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi bai yi ba. Amma a cikin surar dai, aya ta 5, an ce kada a miƙa ma wawaye dukiyarsu, daga nan malamai sunka fitar da babin hajru, wato alƙali ya riƙe hannun wanda ke ɓarnatar da dukiya. Kuma hadisi ya inganta cikin Sahihu Muslim cewa an hana cinikin garari, cinikin da ba a san ƙarshenshi ba, kamar saida kifin da ke cikin ruwa ko ɗan da ke cikin cikin dabba, ko da mai saye da mai sayarwa duk sun yarda. An kuma hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi. Ku lura, baƙauyen ya yarda ya sayar, amma yardar da anka gina kan rashin sani ba a bar ta haka nan ba.

Mu mutanen Zamfara mun ga misalin wanga da idonmu ta wata fuska. A 2010 ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane na kawo duwatsun zinare gida suna daka, ba wanda ya tilasta su, neman halal ɗinsu suke, ba su san akwai gubar dalma ciki ba. Yara sama da 400 sunka rasu. Maganin da ya yi aiki ba cewa a bar neman zinare ba ne, don yunwa ba ta jin wannan, an fitar da dakan daga cikin gidaje ne anka kwashe ƙasar da ta gurɓata anka koya ma mutane yadda za su yi.

Maganar kirifto ita kanta malamai sun yi saɓani, akwai masu halattawa da sharuɗɗa akwai masu hanawa. Amma irin wanda Alhaji ya kwatanta, ba ka mallaki komai ba, ba a damƙa maka komai ba, ana cirar maka kuɗi in cinikin ya kwana, ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi kan motsin farashi, wannan ya tara garari da riba da kamannin caca wuri ɗaya. Ɗan'uwana na Gusau ka nemi wata ƙofa, ba za ta yi maka saurin da kake so ba amma akwai sukuk, takardar zuba jari irin ta Musulunci, na gwamnatin tarayya tun 2017, ana shiga da naira dubu 10, kuɗin hanyoyi ake ginawa da su. Akwai kuma ƙiradi da kakanninmu sunka sani, kai da jari wani da ƙarfi ku raba riba, ga masu albasa da shinkafa nan kusa da kai suna neman jari.

Baban Hanifa (Jega)

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Alhaji na karanta ma yaron misalin buhu 500 jiya bayan isha'i, ya yi shiru ya daɗe sannan ya ce shi wallahi ya ɗauka zinaren gaske ya saya ana aje mai wani wuri. Wata biyu shina ciki bai san mi ya saya ba. Wannan kaɗai ya sa na sauka daga inda nike, don ni da nike cewa kuɗɗin mutum nashi ne ina magana ne kan wanda ya san abin da ya riƙa. Ni USDT ɗina ba zan so a hana ni ba har gobe, amma wanga na 1:500 da ake tura ma manomi a waya da turanci, in an rufe shi ba zan yi kuka ba.

Wani abin da ban faɗa muku ba da farko, abokin nan nashi ya dawo shekaranjiya shina ce mai ya samo rance ya sake zubawa wai a dawo da abin da ya tafi, akwai sabon sigina mai ƙarfi. Kawunmu ya kira shi ya yi mai magana a gaban babanshi. Mun zauna mu uku, na ba yaron jarin noman bana daga cikin nawa bisa ƙiradi yadda Malam ya ce, ba kyauta ba don kada ya ji an raina shi, kuma shi da bakinshi ya ce kuɗɗin su zauna hannun kawu a riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan, na iri daban na taki daban na mai daban. Ya goge manhajar a gabanmu amma na lura bai fita gurup ɗin ba tukuna, na bar shi ban matsa ba.

Alhaji in ba damuwa ka turo min ta inbok yadda ake duba sunan kamfani a shafin SEC, akwai wani kuma da ake ta yawo da shi cikin 'yan kasuwarmu wanga wata, mutum huɗu sun riga sun tambaye ni.